Sassabin Zamani: Yadda Aiki Ke Zama Jiki Bayan Himma Ta Kwanta

Himma, wato zafin zuciyar da ke tayar da mutum ya soma wani aiki, tana hawa tana sauka tare da ƙoshi da yunwa, da lafiya da gajiya, da yabon mutane da zunɗensu, shi ya sa ba a jingina mata aikin shekaru. Sabo kuwa, a wajen masu nazarin halayyar ɗan Adam, aiki ne da aka maimaita a wuri ɗaya ko a lokaci ɗaya, har ganin wurin ko zuwan lokacin ya isa ya tayar da shi ba tare da an sake shawara da zuciya ba. Bahaushe ya dubi muninsa ya kira shi turken wawa, amma turken da ke riƙe wawa a kan ɓarna shi ne kuma ke riƙe mai hankali a kan aikin ƙwarai ranar da ransa ba ya so. Gonakin jihar Maraɗi, tun daga Mayahi da Tasawa har zuwa Hawandawaki da ke kudu kusa da iyakar Najeriya, sun ga yadda wannan yake faruwa a cikin shekaru arba'in da suka wuce, kuma shaidar tana tsaye a cikinsu da saiwa da reshe.

A farkon shekarun 1980 gonakin wannan yanki sun zama fili fetal. Noman gyaɗa da ƙaruwar jama'a da farin shekarun 1970 sun cinye daji, dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, wadda ruhinta ya ci gaba bayan samun 'yancin kai, ta mayar da itace mallakin gwamnati, ta yadda manomi bai ga dalilin rainon abin da za a ci shi tara idan ya sare ba. Ga kuma ra'ayin da ya kafu cewa manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ƙal, bai bar ko tsiron sabara ba. An yi ta dashen itatuwa daga wuraren renon iri, akasarinsu suka mutu saboda zafi da iska da awaki.

A 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwa waɗanda saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya ba da shawara a kai bai wuce a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, kamar uku zuwa biyar, a sare sauran, a rage ƙananan rassan gefe, sannan a riƙa komawa bayan 'yan watanni ana gyarawa. Manoma ƙalilan ne suka yarda da farko, kuma sun sha dariyar maƙwabta. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, sai ƙauyuka kusan 100 suka shiga, aka raya itatuwa wajen 500,000. Da rabon ya ƙare, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku nasu.

Wannan saran shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai, domin ya nuna iyakar himmar da aka aro daga waje: buhun hatsi yana sa hannu ya yi aiki, amma idan aka ɗauke buhun, hannu yakan koma ga abin da ya saba. Ragowar kashi ɗayan da ya tsira yana hannun waɗanda suka fara ganin amfani tun kafin rabo ya tsaya. Rassan da ake ragewa sun zama itacen girki a bakin gona, abin da ya rage wa mata tafiyar nesa, kalgo da sabara suna tare iskar da ke binne shukar gero da rairayi har a sake shuka sau biyu ko uku, gawo kuma, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya fitar da shi da rani, ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Ladan aikin ya koma cikin aikin kansa, kuma yana zuwa da wuri.

Sunan da manoma suka ba dabarar, sassabin zamani, ya bayyana wani dalilin ɗorewarta. Ba a ɗora wa kowa sabon aiki da sai ya nemo masa rana ba. Sassabe yana nan a lokacinsa kafin faɗuwar damina, da gatarin da aka saba, a gonar da aka saba, abin da ya sauya kawai shi ne inda gatarin zai tsaya. A tsakiyar shekarun 2000, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan da Mahamane Larwanou ɗan Nijar suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ko da yake adalci ne a ce manoman Damagaram, a wajen Magarya da Matamaye, sun daɗe suna rainon gawo tun kafin wani aikin raya karkara ya iso gare su, kuma yaɗuwar abin daga gona zuwa gona aikin idon maƙwabci ne fiye da aikin ofis.

Abin da ya faru a gona shekara bayan shekara shi ne ke faruwa a jikin mutum rana bayan rana. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar University College da ke Landan, wanda aka buga a 2010, mutum 96 sun zaɓi ƙaramin aiki guda, kamar shan ruwa ko 'yar tafiya, suka ɗaura shi a kan wani abin da suke yi kullum, kamar cin abinci. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma tazarar ta kama daga kwana 18 har zuwa 254, wanda ke nufin mai jiran sabo ya kama shi cikin mako uku yana iya yanke ƙauna tun bai kai rabin hanya ba. Binciken ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina, kamar yadda kututturen da akuya ta cinye tohonsa yake sake fitar da wani. Mazaunin Hawandawaki yana da turaku biyar a kowace rana, wato lokutan salla, kuma makarantar allo ta daɗe da gane haka, shi ya sa ta kafa karatunta bayan asuba da bayan la'asar da dare. Wanda ya ce zai duba littafin cinikinsa ko ya sha maganin hawan jininsa "bayan sallar magariba" ya fi kusa da cikawa a kan wanda ya ce zai yi "kullum", domin na farko ya ba aikin mazauni.

Akwai kuma rabon jama'a a cikin lamarin, wanda littattafan gyaran kai na Turai kan yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 bisa tsarin adashin da mata suka riga suka sani, sun ɗore ne a kan zubi kaɗan da ba ya gagarar kowa, da ranar taro guda a mako, da 'yar tarar da ake ɗora wa wadda ta makara, ta yadda ranar da mace ba ta da niyya, kunyar idon 'yan uwa takan kai ta. Itatuwan ma haka suka buƙata, domin da rani, lokacin da samari suka tafi cin rani, dabbobi kuma suna sake, mai gona ɗaya ba ya iya tsare tsironsa daga mai sara da dare. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka tsara tarar mai sara ba da izini ba, daga baya kuma suka buɗe kasuwar itace ta kansu inda ake sayar da rassan da aka rage.