Ɗibar ruwan baya a asibiti: abin da majinyaci ke ji, da inda tsoron allurar ya samo asali

Daga watan Disamba zuwa Yuni, lokacin ƙurar hunturu da zafin bazara, asibitoci daga Damagaram har Garwa da Njamena kan karɓi masu zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya. Idan likita ya yi zargin sanƙarau, abin da zai nema shi ne a ɗebi ruwan baya, aikin da ake rubutawa “ponction lombaire” a takardun asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci. A nan ne sau da yawa ake samun tirjiya. Dangi su ce ba su yarda ba, sun ji ana cewa allurar tana gurgunta mutum, ko ma ta kashe shi.

Ga yadda aikin yake. Majinyaci zai kwanta a gefe ɗaya ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ko ya zauna ya sunkuya, domin gaɓoɓin ƙashin baya su ɗan buɗe. Abin da zai fara ji shi ne sanyin maganin da ake goge fata da shi. Inda ake yin allurar kashe zafi, zai ji ɗan raɗaɗi na 'yan daƙiƙoƙi. Bayan haka galibin mutane nauyi suke ji, kamar ana danna musu kwankwaso da yatsa da ƙarfi. Wani lokaci allurar kan taɓa wata jijiya, mutum ya ji kamar lantarki ya ja shi har ƙafa. Wannan shi ya fi firgita masu jinya, amma yana wucewa nan take, kuma ya kamata a gaya wa likita don ya gyara zaman allurar. Ga mutane da yawa, zama a lanƙwashe ba motsi ya fi sukar wuya. Yaro kuwa riƙe shi ake yi, shi ya sa kukansa kan tsinka zuciyar uwar da ke bakin ƙofa.

Maganar gurguncewa fa? Laka, wato igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana ƙarewa ne sama da wurin da ake soka allurar, don haka ba ita ake taɓawa ba. Matan da aka yi wa tiyatar haihuwa idonsu biyu sun san wurin, domin nan ake yi musu allurar da ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ruwan da ake ɗiba ma kaɗan ne, 'yan mililita. Babban mutum yana da kimanin mililita 150 na wannan ruwa, kuma jikinsa na samar da kusan 500 a kowace rana, saboda haka abin da aka ɗiba kan dawo cikin sa'o'i.

Jita-jitar tana da tushe, sai dai an ɗora laifin inda bai dace ba. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma yakan bar wasu da kurumta, farfaɗiya ko shanyewar wani sashe na jiki. Sau da yawa ba a kai mutum asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa. A ɗebi ruwa da yamma, ya cika da dare, sai dangi su tuna da allurar, su manta da kwana uku da ya yi a gida yana fama. Akwai kuma waɗanda da gaske bai kamata a yi musu ba, kamar mai alamun kumburin ƙwaƙwalwa, ko wanda jininsa ba ya tsayawa, ko mai gyambo a wurin. Shi ya sa likita ke dubawa tukuna, kuma idan aikin zai jinkirta, ana fara ba da magani ba tare da jira ba.

Ruwan lafiyayye garau yake kamar na famfo. Idan ya fito gurɓatacce, alama ce mai ƙarfi ta sanƙarau na ƙwayar bakteriya. Gwajinsa a wurare irin su cibiyar CERMES ta Yamai shi ke nuna nau'in ƙwayar da ke yawo. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in A, amma annobar da ta afka wa Nijar a 2015 ta nau'in C ce, kuma da irin wannan ruwa aka gane hakan.

Abin da ya fi damun mutane bayan an gama shi ne ciwon kai. Yakan fara bayan kwana ɗaya ko biyu, ya tsananta idan an zauna ko an miƙe, ya lafa idan an kwanta. Yawanci yana tafiya da kansa cikin mako guda, da hutu da maganin ciwon kai. Wurin allurar ma kan yi tsami na 'yan kwanaki. Amma idan ciwon kan ya ƙi lafawa ko a kwance, ko ƙafa ta yi sanyi ta ƙi ɗaukar mutum, ko fitsari ya ƙi fita, ko wurin ya kumbura yana fitar da ruwa, a koma asibiti a ranar, ba sai gobe ba.