Harsashi da Jirgin Sama: Ina Haɗarin Yake?

A ranar 22 ga Maris, 2008, wani jirgin fasinja ƙirar Airbus A319 na kamfanin US Airways yana shirin sauka a garin Shalot na ƙasar Amurka, sai bindigar matuƙinsa ta tashi bisa kuskure. Harsashin ya huda jikin jirgin ta hagun ɗakin matuƙa ya fice. Jirgin ya sauka lafiya, babu wanda ya ƙwarzane. Wannan labari zai ba masu kallon majigi mamaki, domin tun daga fim ɗin Goldfinger na 1964, inda harbi ɗaya ya fasa taga iska ta zuƙe mutum waje, jama'a da dama suka ɗauka cewa harsashi ɗaya ya isa ya tarwatsa jirgi. Ilimin kimiyya bai goyi bayan wannan zato ba.

Gaskiya ne jirgin da ya lula sama tamkar kumburarriyar salka yake. A tsayin ƙafa 35,000, wato kimanin mita 10,700, matsin iskar waje bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke bakin teku ba, kuma ɗan Adam ba zai rayu a cikinta ba. Saboda haka akan ɗura iska cikin jirgin, galibi daga injinansa, har ta kai daidai da ta tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Fasinja da ke zaune yana shan shayi, a wajen huhunsa kamar yana ƙolin dutsen Chappal Waddi ne na Jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419. Bambancin matsin ciki da na waje yana tura kowane murabba'in santimita na bangon jirgi da ƙarfin da ya kai kusan kilo 0.6.

Abin da mafi yawan mutane ba su sani ba shi ne, ba a rufe jirgin yake ruf ba. Iska tana shiga ba tsayawa, tana kuma fita ba tsayawa ta wata ƙofa da ke can ƙasan bayan jirgi, wadda na'ura ke buɗewa da tsukewa don daidaita matsin. Faɗin wannan ƙofa ya ninka hujin harsashi sau da yawa. Harsashi mai kaurin milimita 9 yakan bar huji da bai kai murabba'in santimita ɗaya ba, kuma duk ƙarfin da ke turawa ta cikinsa bai kai rabin kilo ba. Da zarar iska ta fara zurara ta nan, sai na'urar ta ɗan tsuke ƙofarta, shi ke nan. Abin da na kusa zai ji bai wuce fito ba.

To, me ya hana hujin yagewa, alhali kaurin fatar alminiyam ɗin jirgi a wurare da yawa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba? Wannan darasi da rayuka aka saye shi. A 1954 jirage biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sararin samaniya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Masu bincike suka tsoma gangar jikin wani Comet cikin ƙaton tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa har ta tsage, suka gano cewa kumbura da sacewa a kowace tafiya suna gajiyar da ƙarfe, musamman a kusurwoyin tagogi. Daga nan aka zagaye kusurwoyin, aka kuma riƙa ɗaure fatar da haƙarƙarin ƙarfe da maɗaurai, ta yadda tsaga in ta taso za ta ci karo da shinge ta tsaya. A 1988 rufin wani tsohon Boeing 737 na kamfanin Aloha ya ɓalle har tsawon mita 5 da rabi a tsayin ƙafa 24,000 a tsibiran Hawayi. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, amma jirgin ya sauka.

Taga kuwa wani lamari ne daban, kuma a nan masu fim suna da ɗan abin kamawa. Faɗinta ya sa nauyin da ke kanta ya kusa rabin tan, shi ya sa ake yin ta rufi-rufi, in na waje ya gaza na ciki ya riƙe. Idan ta fita ɗungurungum, iska za ta kwarara da ƙarfi na ɗan lokaci. Haka ta faru a 2018 a jirgin kamfanin Southwest, inda ɓaraguzan inji suka fasa taga, matar da ke zaune a wurin ta rasa ranta. Sauran fasinjoji babbar barazanarsu ƙarancin iskar oksijin ce. A tsayin ƙafa 35,000 jini ba ya iya ɗaukar isasshiyar oksijin daga huhu, kuma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyarta. Cikin daƙiƙa 30 zuwa 60 hankali zai fara gushewa, sau da yawa ba tare da mutum ya ji wani ciwo ba. Dalilin da ya sa ake ce wa uwa ta sa nata takunkumin kafin na ɗanta ke nan. Matuƙi kuma zai gangaro da sauri zuwa ƙafa 10,000 inda numfashi ke yiwuwa.

Haɗarin gaske yana ga abin da harsashi zai tarar bayan ya ratsa fata. Man jirgi dangin kananzir ne, ba ya saurin kamawa da harsashin gama-gari. Bututun man haidurolik da ke motsa fukafukai da jela sun fi ban tsoro, don haka manyan jirage suke da layi uku ko huɗu, kowanne da hanyarsa. A 2003 makami mai linzami ya sami fiffiken wani jirgin kaya na DHL a Bagadaza, layukan uku duka suka tsiyaye, matuƙan suka sauke shi da ƙarawa da rage ƙarfin injina kawai. A Nuwamban 2024 'yan bindiga sun harbi jirgin kamfanin Spirit yana shirin sauka a babban birnin Haiti, ya juya ya sauka a Jamhuriyar Dominika da hujojinsa.

Abin da injiniya ba zai iya yi wa madadi ba shi ne mutum. A ranar 7 ga Disamba, 1987, wani korarren ma'aikaci ya yi amfani da katin aikinsa ya kauce wa bincike, ya shiga jirgin kamfanin PSA a Kalifoniya da bindiga, ya harbe matuƙan. Mutum 43 da ke ciki suka hallaka. Dokokin da ake bi sun fi karkata ga wannan ɓangare. Amurka ta wajabta binciken fasinjoji tun 1973, ta ƙarfafa ƙofofin ɗakin matuƙa bayan harin 11 ga Satumba, 2001, sannan dokar 2002 ta ba horarrun matuƙa izinin riƙe bindiga, irin wadda ta tashi a Shalot. Fasinja a can yana iya tafiya da bindigarsa, amma sai ya cire harsasai, ya kulle ta cikin akwati mai tauri, ya bayyana ta a teburin auna kaya, a sa ta a ɗakin kaya na ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Duk da haka, a 2023 kaɗai masu bincike sun kama bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu a filayen jiragen ƙasar, kusan kashi 93 cikin 100 ɗauke da harsashi.