Daga Tunani Zuwa Aiki

Idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi, mutum yakan janye shi tun kafin ya yi tunani. Ba irin wannan muke nufi ba. Muna magana ne a kan aikin da mutum ya kwana da shi a zuci kafin ya aikata. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Icek Ajzen, ya bayyana a 1991 cewa niyya takan fito ne daga abu uku: yadda mutum yake kallon aikin, abin da yake zaton mutanensa za su ce, da kuma ko yana ganin zai iya. Mu malamai na biyun ya fi ba mu tsoro, domin ɗalibi ya fi gudun dariyar abokansa a kan bulala.

Ga misali a nan Kaduna. A rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf, James Wuye da Muhammad Ashafa kowa yana jagorantar matasan addininsa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aikin sulhu tare. Amma Fasto Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekara uku yana tafiya da Imam Ashafa, suna kwana masauki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya danne shi da matashin kai. A waje sulhu, a ciki ramuwa. Abin da ya sassauta shi ba doka ba ce. Ashafa ya je duba mahaifiyarsa a asibiti, daga baya kuma wani fasto ya gaya masa ba a wa'azi da ƙiyayya a zuci. Shi ma Ashafa huɗubar Juma'a ce a kan yafiya ta juya shi.

Wannan ya shafe mu a Kamazou. Bayan rikicin 2000 mutane da yawa sun yi ƙaura, Kirista zuwa kudancin kogi, Musulmi zuwa arewa. Yaron da ya tashi bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan ƙetaren kogi ba, abin da ya ji a gida da bakin titi shi ne duk saninsa game da shi. Da wannan sanin zai yanke shawara ranar da aka ce masa ya fito.

A watan Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wuye da Ashafa ne suka yi ɗawainiyar tara su.