Tsofaffin Finafinan Rikicin Aure: Daɗinsu da Rauninsu

Finafinan Hausa na kaset sun soma a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa. Kafin a cika shekara goma, rikicin gidan aure ya zama babban jigonsu: kishi, saki, uwar miji, auren dole da cin amana. Wasu daga littattafai aka ɗauko su, kamar Ki Yarda da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi mai 'ya'ya tara wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya yi amarya. Wasila na Yakubu Lere, wanda ya fito a 2000, ya juya abin, domin a cikinsa matar ce ta ci amanar mijinta.

Finafinan sun samu karɓuwa har a ƙasar Yawuri, daga Yelwa zuwa Wara da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Gungawa da Kambari da Shangawa suna da harsunansu, amma Hausa ce harshen kasuwa da na masunta, don haka kowa yana bin labarin. A da, gidan mai bidiyo da janareta shi ne matattarar unguwa bayan sallar isha'i. Yau a waya ake tura su, mace tana gadin bandar kifi tana kallo.

Abin da ya fi fice a cikinsu shi ne tafiyar hawainiya. Baƙo zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a tambayi gajiya da iyali, kafin a zo kan abin da ya kawo shi. Idan mace ta yi yaji, za a nuna zuwan biko da zaman sulhu gaban waliyyai daga farko har addu'a. A nan daɗin yake. Haka ake magana a gidajen gaske, kuma jinkirin yana bai wa masu kallo damar tsoma baki: wannan ta tsine wa amarya, waccan ta ce ai uwargida ce ta yi sake. Matar da ba ta iya faɗin abin da ke damunta a ɗakinta tana iya faɗinsa a kan Rabi.

Raunin ma daga nan ya taso. An riƙa jan labarin da bai wuce awa guda ba zuwa kashi na biyu da na uku don a sayar da kaset. Waƙa da rawa irin na finafinan Indiya sukan katse magana a tsakiyar tashin hankali. Ga sauti mai shaƙewa da hoto mai duhu, saboda ƙarancin kuɗi da kayan aiki.

Babban gibin yana cikin darasin. Sau da yawa haƙuri kan mace kaɗai ake ɗora shi. Miji ba ya gane kuskurensa sai gobara ko karayar arziki ta same shi, sannan ya dawo neman gafara, a ce mahaƙurci mawadaci. Ba a cika nuna abin da shari'a ta tanada ba game da ciyarwa, adalci tsakanin mata da khul'i. Kuma yawancin labaran na attajiran birni ne masu falo da mota. Abin da ke girgiza aure a bakin tafki, kamar mijin da kamun kifi ya ɗauke makonni, ko raguwar kamu, ko ambaliyar da ta cinye gonar shinkafa, ba ya cikinsu. Shi ya sa mai kallo a Yawuri yake gane halayen mutanen fim ɗin sarai, amma ba ya ganin gidansa a ciki.