Gurzar Ƙarfen Injin Ban-ruwa: Da Mai Ko A Bushe?

Wani mai sauraronmu daga Madobi ya aiko yana tambaya: me ya sa idan yana gurzar bakin injinsa na ban-ruwa sai dutsen ya toshe, ya daina ci?

To Malam, amsar na amfanar duk masu noman rani a Kura da Bunkure. Yawancin ƙananan injunan nan, jikinsu sanholo ne, wato alminiyam, amma fankar da ke cikinsu ƙarfen zubi ce. Ka gwada da maganaɗisu: in ya kama, zubi ne, in ya ƙi, sanholo ne.

Sanholo yana da taushi, da ya ji zafi sai ya liƙe wa dutse. Dutsen da ya toshe kuwa yana iya fashewa a fuskarka. Don haka ka nemi kan gurza na kabaid, ba fa kabaid ɗin masu walda ba, mai manyan haƙora wara-wara. Ka riƙa goga masa kyandir ko ɗigon kananzir, kada ka danna da ƙarfi.

Shi kuwa ƙarfen zubi, mai ƙananan haƙora a gicciye yake so, kuma a bushe ake gurzarsa. In ka zuba mai, garinsa zai cuɗe ya zama taɓo mai cin haƙoran.

Ka sa tabarau, ka rufe hanci. Ka wanke garin tas kafin ka haɗa injin, kada ya ci robar da ke tare ruwa, tumatirinka ya bushe ana tsakiyar rani.

Allah ya ba da yabanya mai albarka.