Zaɓen Wayar da Ta Dace da Mutum-mutumi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan ƙungiyar kimiyya, sau da yawa idan za a harhaɗa ɗan mutum-mutumi mai tafiya da tayoyi, hankali yakan koma ga batir da inji da 'yar kwamfutar da ke ba da umarni, irin su Arduino. Waya kuwa sai a ɗauki duk wadda hannu ya kai gare ta. Daga baya sai a ga abin yana tafiya yana tsayawa, ko kuma robar wayar ta narke, aikin zango guda ya tashi a banza. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake zaɓen waya da lissafi.

Da farko dai, kowace waya tana da tirjiya, wato tana ɗan hana wuta wucewa. Mai ban ruwan lambu ya san cewa siririn tiyo mai tsawo ba ya kai ruwa da ƙarfi. Haka waya take: idan ta yi siriri ko ta yi tsawo, tirjiyarta takan ƙaru. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Georg Ohm, ya bayyana a 1827 cewa ƙarfin wutar da ke ɓacewa a hanya daidai yake da yawan wutar da ke gudana sau tirjiya. Ana auna ƙarfi da bolt, yawan wuta da amfiya, tirjiya kuma da om. Abin da ya ɓace zafi yake zama, kuma idan wuta ta ninka sau 2, zafin yakan ninka sau 4.

Na biyu, sai mu fahimci lambobin waya. Ma'aunin Amurka, wanda ake kira AWG, yana da abin mamaki: idan lamba ta yi girma, waya ta yi siriri ke nan. Lamba 26 ta fi lamba 18 siranta nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka rage 3 daga lambar, kaurin jan ƙarfen da ke ciki yakan ninka kusan sau 2. A kasuwanninmu an fi sayar da waya da murabba'in milimita. Lamba 22 tana kusa da 0.33, lamba 18 kuwa 0.82, sannan lamba 16 ta kai 1.3.

To, yanzu ga misali. A ce muna da batir mai bolt 6 da injinan taya guda 2. Inji ya fi shan wuta a lokacin tashi, ko idan taya ta maƙale a jikin bango, don haka da wannan adadi mafi yawa za mu yi lissafi. Akan rubuta shi a takardar injin. A ce kowane inji yana jan amfiya 2.5 idan ya maƙale, jimla amfiya 5 ke nan. Idan tsakanin batir da injinan rabin mita ne, tsawon wayar mita 1 ne, domin wuta tana zuwa kuma tana dawowa.

Mita 1 na waya lamba 26 yana da tirjiyar om 0.134. Idan muka ninka da 5, bolt 0.67 ya ɓace, wato kashi 11 cikin 100. Irin wannan faɗuwa na iya sa kwamfutar da ke raba batir da injinan ta mutu ta sake tashi. Lamba 22 mai om 0.053 za ta ɓatar da bolt 0.27. Lamba 18 mai om 0.021 kuwa bolt 0.1 kawai za ta ci, ƙasa da kashi 2 cikin 100. Ashe lamba 18 ce ta dace da hanyar batir zuwa inji. Siraran wayoyin nan masu launi-launi a bar su ga aikin kai saƙo tsakanin kwamfuta da na'urorin gano hanya, inda wutar ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai wasu abubuwan lura kuma. A zaɓi waya mai silili da yawa a ciki, domin mai sili ɗaya takan karye idan ana yawan lanƙwasa ta. Kada kaurin roba ya ruɗe ku, a fere a duba ƙarfen. Idan an kankare shi ya yi fari, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma alminiyon ba ya kai wuta kamar jan ƙarfe. Araha dai ba ta ado. Bugu da ƙari, a sa fis kusa da bakin batir. A misalinmu, irin na mota mai amfiya 7.5 ya isa. Idan wayoyi suka haɗu bisa kuskure, fis ne zai tsinke kafin waya ta kama wuta, musamman da batir ɗin litiyom.

A ƙarshe, kafin ku yanka waya, ku nemi wutar da inji ke sha idan ya maƙale, ku auna tsawon zuwa da dawowa, ku ninka, sannan ku nuna wa malamin kimiyya lissafinku kafin a jona batir. Rigakafi ya fi magani.