Idan Karen Gidanku Ya Ciji Ɗan Mutane

Yau zancenmu a kan kare ne. Na san wata za ta ce, yo ina ruwan uwargida da kare, ai harkar maigida ce da samarin gida. To ki ɗan saurara. A yawancin gidajen da ake ajiye kare, maigida ya fita tun da safe, ke ce a gida. Ke za ki ji ihun yaron da aka ciza, kuma ke za a fara kawo wa ƙara.

A wata unguwa da na taɓa zama, akwai gidan da ke da kare irin manyan nan na ƙasar waje. Rannan ya kuɓuce ya yagi ƙafar yarinyar da ke kawo tallar ƙosai. Matar gidan ta ɗaure mata wurin da tsumma, ta biya ta kuɗin ƙosan da ya zube, ta ce kar ta gaya wa kowa. Ko maigidan ba ta faɗa wa ba, don gudun faɗa. Bayan kamar wata biyu karen ya sake cizon wani yaro, wannan karon a fuska, magana ta kai ga 'yan sanda. Maigidan ya yi ta rantsuwa cewa bai san karensa na cizo ba, kuma gaskiyarsa ce. Sai ga uwar mai ƙosai ta zo da 'yarta, ta nuna tabon. Daga nan bakin kowa ya mutu.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, a shari'ar cizon kare, babbar tambayar da alƙali ke yi ita ce: shin masu karen sun san halinsa? A dokar da muka gada daga Ingila, wadda kotunanmu ke aiki da ita wajen neman diyya, an raba dabbobi gida biyu. Akwai na dawa masu haɗari tun asali, kamar zaki, waɗanda duk wanda ya ajiye su shi ke ɗaukar ɓarnarsu ba tare da wani dogon bincike ba. Akwai kuma na gida, kare na cikinsu. Shi kare, sai an nuna cewa mai shi ya san yana da halin kai wa mutane hari. Amma fa da zarar an tabbatar da wannan sani, cewa “ai na ɗaure shi, tsinkewa ya yi” ba ta fid da mutum. Ba kuma lallai sai ya taɓa cizo har jini ya fita ba. In an san ya saba zaburo wa mutane da nufin cizo, ya isa. Sannan ko ba a san halin nasa ba, ana iya kama mutum da laifin sakaci, misali wanda ya bar ƙofa a buɗe alhali yara na wasa a waje.

To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Akwai wata shari'a da aka yi a ƙasar nan a 1965, wadda ɗaliban lauya suka sani da sunan Daryani da Njoku. Kare ya ciji mutum, aka kai ƙara. A wajen shaida ya bayyana cewa karen ya taɓa cizon wata 'yar aiki, kuma an sanar da matar mai karen. Kotu ta ce sanin matar ya zama sanin mijin, aka ɗora masa alhaki. Kin ji ko? Shirun da kike gani kamar rufin asiri ne, a gaban alƙali ba ya kare maigida da komai, sai dai ya hana shi ɗaukar matakin da zai tsare ɗan wani.

Wani abin sha'awa, malaman fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke bi, su ma a kan wannan gaɓa suka tsaya. Sun yi magana a kan kare mai cizo, suka ce wanda ya ajiye shi don wata buƙata da aka yarda da ita, idan aka gargaɗe shi a gaban hukuma ko shaidu bai ɗauki mataki ba, to abin da karen ya ɓata yana wuyansa, har diyyar rai. Saboda haka ke da karen maƙwabta ya addabi 'ya'yanki, kar ki tsaya ga guna-guni ta kan katanga. A je a gaya wa mai gidan a gaban mutane, ko a kai maganar wurin mai unguwa, domin wannan gargaɗin shi ne hujjarku gobe.

Ban da diyya akwai kuma hukunci. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta mai da sakaci da dabbar da ke iya cutar da mutane laifi. Jihohi da dama sun sake fasalin dokokinsu tun daga lokacin, don haka yawan tara ko ɗauri ya danganta da jihar da kike. Dokar ta kuma hana zaluntar dabbar kanta. Wannan ina so a ji shi da kyau, don wallahi wasu gidajen abin tausayi ne: a ɗaure kare da gajeriyar sarƙa a tsakiyar rana, ba ruwa ba abinci, wai don ya yi zafin rai. Irin wannan karen ne ranar da ya tsinke ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne ɗan gida.

Maganar lasisi kuwa tsohuwa ce. Tun zamanin Turawa, a 1943, aka yi dokar karnuka a Nijeriya, wadda ta tanadi yi wa kare rajista da kama wanda ke yawo ba mai shi, musamman don yaƙi da ciwon haukan kare. Tsarin mulkin 1999 kuma ya sa kula da yadda ake ajiye dabbobin gida irin su kare da yawonsu cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan idan kina son sanin ƙa'idar garinku, sakatariyar ƙaramar hukuma za a je, sashen lafiya wurin duba-gari ko sashen dabbobi. Gaskiya ba ko'ina ake bin abin da ƙarfi ba, shi ya sa mutane ke zaton babu dokar. Tana nan, ranar da tsautsayi ya faɗa ake zaro ta.

Dalilin duk wannan tsanani shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duk ta hanyar kare ake kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mugun halin ciwon shi ne yakan kwanta wata biyu ko uku ba alama, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, an manta. Ranar da alamu suka fito, mutum ya fara tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Amma kafin alamun, allura tana hana shi.

Don haka hakkin farko a kan mai kare shi ne rigakafi. Ana fara yi tun kare na wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara a asibitin dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar a nan gida, kuma a kan yi gangamin rigakafi a wurare da dama a kusa da 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don wannan ciwo. Katin da likita zai bayar, uwargida ki adana shi inda kike ajiye katin rigakafin yara. Shi za a fara tambaya.

Idan kuma cizon ya riga ya faru, ko ɗanki ne ko ɗan wani, abu na farko ruwa da sabulu. A yi ta wanke wurin ruwa na zuba har minti 15, a duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kar a sa barkono, ko toka, ko ƙonannen gashin karen kamar yadda wasu ke yi. A wuce asibiti a ranar, ko da ƙarzane ne kawai. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, sai a cika ta yadda likita ya tsara. Tana da tsada, kuma a nan ne mai kare ya kamata ya fito da kuɗi ba sai an kai shi ƙara ba.

Shi kuma karen, kar samari su bi shi da duwatsu su kashe su jefar a bola. A killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, a ga ko zai nuna alamar ciwo. In ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, a kira ma'aikatan dabbobi, su ne suka san yadda za a kai kansa ɗakin gwaji. Kar kowa ya taɓa shi da hannu tsirara. Amma fa ba a jiran sakamakon kare kafin a fara yi wa yaro allura.

Saura maganar allon nan da ake mannawa a ƙofa, wai a yi hattara akwai kare. Yana da kyau a sa, amma ki tuna su wa ke shigowa gidajenmu. Almajiri mai karɓar abinci, ɗan garuwa, 'yar talla, yaron maƙwabta da aka aiko karɓo wuta ko gishiri. Da yawansu ba su iya karanta boko ba, kuma mu ne muka saba musu da shigowa. Ba za a ce da su masu kutse ba. In dai akwai kare a gida, da rana ya zauna a ɗakinsa mai ƙofa da sakata, da inuwa da ruwa, sai an rufe gida da dare a sake shi. In za a fita da shi, babba ne zai riƙe igiyar, ba yaro ɗan shekara 10 da karen ya fi ƙarfinsa ba, kuma in an san yana zabura a sa masa takunkumi.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.